Idan ƙofar shago ta cije ka, gargaɗi ne

Wutar lantarki ta shigo ƙasar Adar. A birnin Tawa akwai wutar NIGELEC. A 2018 an buɗe tashar wutar hasken rana ta Malbaza. A Bambeye da ƙauyukan kewaye kuwa, muna ganin fano bisa rufin shaguna, inda ake cajin salula, ana sanyaya ruwa. Wasu shagunan na kwano ne, wasu kwantena ce. Ƙarfe kuwa hanyar wuta ne.

Batirin fano yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12. Wannan ba ta jan mutum. Amma ƙaramin akwatin da ake haɗa masa yana mai da ita bolt 220, daidai da ta NIGELEC. Wannan tana kisa.

Yaya wuta ke shiga jikin shago? Waya tana ratsa hujin kwano, bakin kwano ya yanke robarta. Ko ɓera ya gaigaye ta. Ko an haɗa wayoyi biyu an ɗaure da leda. Da zarar ƙarfen waya ya taɓa kwano, shago duka ya ɗauki wuta. Mai takalmi busasshe zai ji ɗan cizo kawai. Yaron da ya zo ba takalmi, cikin damana, ƙasa jiƙe, shi ne wuta za ta ratsa.

Idan mun ji wannan cizo, ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu kashe wuta daga tushenta, mu hana yara matsowa.
2. Mu cire firji, fanka da caja duka.
3. Mu bi waya da ido, mu nemi yanka, ƙuna ko jiƙa.
4. Mu kira mai gyaran wuta. Yana da abin gwaji mai ɗan ƙwai da ke haske. Zai mai da kayan ɗai-ɗai har ya gano mai laifin.
5. Ya kafa sandar ƙarfe cikin ƙasa, ya haɗa ta da jikin shago. Ya sa makunni mai yanke wuta da kansa idan ta ɓalle.

Kada mu gwada da hannu. Wannan doka ta shafi famfon lantarki na lambu ma, tunda can kullum ƙafa cikin ruwa take.

Idan wuta ta kama mutum, kada mu taɓa shi, gama za ta kama mu tare. Mu kashe ta tukuna, ko mu ture waya da busasshiyar sanda. Daga nan mu kai shi likita, ko da ya tashi yana magana, domin wuta tana rikita bugun zuciya.

Kuɗin gyara kaɗan ne. Rai kuwa ba a sayen shi a kasuwa. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa mai shago.