Daga Kyauta Zuwa Biyan Kuɗi: Yadda Manhajar Blynk Ta Raba Kan Masu Haɗa Na'urori

A ranar 31 ga Disamba, 2022, kamfanin Blynk ya rufe tsohuwar sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke haɗa wayoyin mutane da ƙananan na'urorin da suka ƙera da hannunsu. Duk wanda ke kunna fitilar ɗakinsa ko famfon lambunsa ta tsohuwar manhajar, kuma bai ƙaura ba, ya wayi gari maɓallin da ke wayarsa ya daina aiki. Na'urar tana nan ƙalau, wutar lantarki na shiga, intanet na aiki, amma hanyar da saƙo ke bi ta yanke.

Wannan rufewa ita ce ƙarshen wata doguwar taƙaddama da ta faro tun 2016, lokacin da manhajar da aka saba amfani da ita kyauta ta fara neman kuɗi. Labarin ya shafi duk mai wayar salula, ko da bai taɓa riƙe ƙarfen like waya ba, domin irin wannan sauyi na iya faɗa wa kowace manhaja da mutum ya dogara da ita.

Mece ce Blynk?

Masu sha'awar haɗa kayan lantarki sun daɗe da sanin Arduino, ƙaramin allon da aka ƙirƙira a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai. A 2014 kuma kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fito da ESP8266, ɗan ƙaramin guntu mai Wi-Fi wanda farashinsa bai wuce 'yan daloli ba. Da wannan guntu, ɗalibi na iya sa na'urarsa ta hau intanet. Matsalar da ta rage ita ce ta yadda zai sarrafa ta daga waya, domin rubuta manhajar Android ko iPhone wani ilimi ne daban.

Wannan giɓi Blynk ta cike. An tara kuɗin fara ta a dandalin Kickstarter a farkon 2015, inda mutane sama da 2,000 suka ba da kusan dala 50,000. Aikinta ya kasu uku. Akwai manhajar waya, inda mutum ke jawo maɓalli, ma'aunin zafi ko jadawali ya jera su a allon wayarsa yadda yake so. Akwai 'yan layukan umarni da ake loda wa Arduino, ESP8266 ko Raspberry Pi. Sai kuma saba a tsakiya, wadda ke karɓar saƙo daga waya ta miƙa wa na'ura, ta kuma dawo da amsa. Kowane aiki yana da lambar sirri da ke shaida wa sabar cewa wannan waya da wannan na'ura na mutum ɗaya ne.

Cikin 'yan mintuna, wanda bai taɓa rubuta manhajar waya ba zai iya kunna kwan fitila daga wani gari. Saboda haka ne malamai, ɗalibai da masu koyarwa a YouTube suka rungume ta.

Ranar da Energy ya shigo

A 2016 kamfanin ya shigo da tsarin da ya kira Energy, wasu maki da ake kashewa a cikin manhajar. Kowane sabon asusu na samun maki 2,000 kyauta, kuma duk abin da mutum ya ɗora a allo yana da farashinsa. Maɓalli ɗaya yana cin 200, jadawalin da ke nuna tarihin bayanai yana cin 900. Lissafin a fili yake: makin kyauta sun isa maɓallai goma, ko jadawali ɗaya da maɓallai biyar. Idan mutum ya goge wani abu daga allo, makinsa na dawowa. Wanda yake son ƙari sai ya saya ta Play Store ko App Store, ƙaramin ƙunshi a kan kusan dala ɗaya.

A ido kuɗin ba su da yawa, kuma sau ɗaya ake biya. Duk da haka maganar ta yi zafi, masu amfani da manhajar suka rabu kashi-kashi.

Kashi na farko su ne waɗanda suka ji an yi musu ba-zata. Sun shafe watanni suna gina ayyukansu, suna gano kurakurai suna kai rahoto, suna rubuta darussa, suna jawo abokai. A ganinsu, da guminsu manhajar ta yi suna, sai da suka saba da ita aka kawo maganar kuɗi. Abin da ya fi ci musu rai shi ne sauya sharaɗi bayan an yi nisa, domin wanda ya riga ya like na'ura a bango ba shi da ƙarfin ciniki.

Kashi na biyu sun goyi bayan kamfanin. Hujjarsu ita ce saba ba ta aiki da iska. Kowace na'ura da ke kunne tana riƙe da layi a buɗe dare da rana, tana aika bayanai, wani kuma yana biyan kuɗin hayar kwamfutoci da albashin masu gyara. Kuɗin Kickstarter na lokaci ɗaya ne, ɗawainiya kuwa ta kowane wata ce. Suna kuma tunatar da cewa mutumin da ya sayi allo, sensa da batir da kuɗinsa bai kamata ya ga dala biyu ta yi masa yawa ba a kan abin da ke haɗa su duka.

Kashi na uku ba su tsaya gardama ba. Wasu suka koyi tsimin maki, suna amfani da abu ɗaya ya yi aikin biyu, ko su goge tsohon aiki kafin su fara sabo. Wasu kuma suka bi wata ƙofa da kamfanin da kansa ya bari a buɗe.

Ƙofar da ta kwantar da hankali

A wancan lokacin Blynk ta saki manhajar sabarta a fili, kowa na iya saukewa ya ɗora a kwamfutarsa ko a Raspberry Pi da ke cikin gida. Wanda ya yi haka shi ne mai sabarsa, yana iya ba kansa maki iya son ransa, kuma na'urorinsa na aiki ko intanet ta ɗauke muddin suna kan Wi-Fi ɗaya da wayarsa.

Wannan ya rage zafin rikicin sosai. Mai ƙwarewa yana da mafita kyauta, wanda ba ya son wahala ya biya 'yan daloli ya huta. Shekaru kusan biyar aka yi a haka, har mutane da yawa suka ɗauka magana ta ƙare.

Sabuwar Blynk, sabon sharaɗi

A 2021 kamfanin ya ƙaddamar da sabon dandali da aka gina daga tushe, mai shafin sarrafawa a kwamfuta da kayan aiki da suka fi dacewa da kamfanoni masu sayar da na'urori da yawa. Tsarin Energy ya tafi, aka maye gurbinsa da biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. An bar matakin kyauta, amma da iyakoki a kan yawan na'urori da irin abubuwan da za a iya ɗorawa a allo. Sabon dandalin kuma bai zo da sabar gida ta kyauta irin ta da ba.

Ƙaura ba ta danna maɓalli ɗaya ba ce. Dole mutum ya sake tsara allonsa, ya gyara umarnin da ke cikin na'urar, ya sake loda mata. Ga wanda ya sa na'urarsa a saman tankin ruwa ko cikin silin, hakan na nufin hawa tsani da kwance akwati. A 2022 aka cire tsohuwar manhajar daga shagunan Google da Apple, sannan aka rufe sabar a ƙarshen shekarar.

A wannan karon ƙorafin ya fi na farko nauyi. Waɗanda suka sayi maki a baya sun ɗauka sun mallaki abu na dindindin, sai suka ga makin sun tafi tare da tsohon tsarin. Ɗaruruwan darussan bidiyo da aka yi kan tsohuwar manhajar suka zama tsohon yayi, sabon mai koyo na bin su tiryan-tiryan amma abin da ke wayarsa bai yi kama da na bidiyon ba. A gefe guda, wasu sun ƙaura sun zauna, suna yaba sabbin abubuwa kamar aika wa na'ura sabon umarni ta intanet ba tare da an ciro ta ba.

Ba Blynk kaɗai ba

Fritzing, manhajar zana haɗin kayan lantarki da aka fara a wata jami'a a birnin Potsdam na Jamus a 2007, ta yi shekaru ana sauke ta kyauta. Bayan fitowar da ta yi a 2016, aikin inganta ta ya tsaya cik na kusan shekara uku. A ƙarshen 2019 aka dawo da sabon sharaɗi: wanda zai sauke ta daga shafinta zai biya yuro 8. Mutane sun yi gunaguni, amma tushen manhajar ya ci gaba da zama a buɗe ga mai iya haɗa ta da kansa, kuma sabbin fitowa suka ci gaba har aka kai ga ta 1.0 a 2023.

EAGLE, manhajar tsara allon lantarki, ta bi wata hanyar. Kamfanin Autodesk ya saye ta a 2016, a farkon 2017 ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na haya. Masu amfani da ita da dama suka koma KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992, kuma cibiyar binciken CERN ta zuba mata aiki. A 2023 Autodesk ya sanar da cewa zai daina sayar da EAGLE da kula da ita a watan Yunin 2026.

Idan aka jera labaran uku, abu ɗaya ke fitowa. Mutane kan haƙura da farashi idan aikinsu na baya ya tsira kuma akwai hanyar fita. Fushin ya fi tsanani a inda sauyin ya taɓa abin da aka riga aka gina.

Inda dala ke shigowa

A jami'o'i da kwalejojin fasaha na Najeriya, haɗa ESP8266 ko ESP32 da Blynk sananniyar hanya ce ta yin aikin kammala karatu, kamar na'urar ban ruwa mai sarrafa kanta ko mai gano yoyon iskar gas. Ga irin waɗannan ɗalibai, farashin dala ba ƙaramin abu ba ne. A farkon 2016 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Ƙari a kan haka, a 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar da shi gaba ɗaya na wani lokaci. A lokacin, ko mai niyyar biya ma sai ya nemi katin dala ko ɗan'uwa a waje.

Shi ya sa bambancin biya sau ɗaya da biya kowane wata ya fi nauyi ga wanda ke samun kuɗinsa da naira. Na farko ana iya tara masa a wuce wurin, na biyu kuwa yana hawa duk lokacin da naira ta faɗi, kuma ranar da aka kasa biya abubuwan da ke matakin kuɗi za su rufe.

Abin dubawa kafin a dogara da manhaja

Tambaya ta farko ita ce ko na'urar za ta yi aiki idan sabar kamfanin ta tsaya. Famfon da ke da maɓallin hannu, ko wanda umarninsa na kunnawa da kashewa ke cikin allon kansa, zai ci gaba da aiki ko manhaja ta ɓace. Wanda komai nasa ke jiran saƙo daga waje zai tsaya.

Ta biyu ita ce ko za a iya ɗauke aikin a kai wani wuri. Ƙa'idar aika saƙo ta MQTT, wadda aka ƙirƙira a 1999, ba mallakin kamfani ɗaya ba ce, kuma akwai manhajojin waya da dama da ke fahimtarta. Ana iya ɗora Mosquitto a Raspberry Pi ya zama sabar gida. Home Assistant da Node-RED, waɗanda duk suka fito a 2013, suna aiki a cikin gida ba tare da kuɗin wata ba, haka ma ESPHome da Tasmota da ake loda wa guntayen ESP. Farashinsu shi ne lokacin koyo, domin saita su ya fi na Blynk wahala, kuma isa gare su daga wajen gida na buƙatar ƙarin aiki da kula da tsaro.

Ta uku ita ce ta ina kamfanin ke samun kuɗi. Manhajar da ke riƙe da saba amma ba ta da wata hanyar shiga da ake gani, ko dai za ta fara caji wata rana ko ta rufe. Karanta shafin farashi tun kafin a fara aiki, da duba iyakokin matakin kyauta, zai hana mutum ya yi rabin hanya ya tarar da shinge.

Ga ɗalibin da ke son nuna aikinsa a gaban malamai cikin mako biyu, matakin kyauta na Blynk har yanzu hanya ce mai sauri. Ga wanda zai saka na'ura a gonar wani ko shagon wani ya karɓi kuɗi, ya kamata ya sa kuɗin wata-wata a cikin lissafinsa tun farko, ya kuma ajiye kwafin umarnin da ya rubuta a wurin da zai same shi ranar da za a sake sauya sharaɗi.