Kafin katafila ta iso, wa ke ƙirga jemagu?

A Ingila, wanda ke son rushe tsohon gini ko gina rukunin gidaje a gefen gari ba ya gamawa da injiniya da lauya kaɗai. Sau da yawa ƙaramar hukuma ba za ta ba shi izinin gini ba sai ya kawo rahoton masanin muhalli wanda ya taka filin da ƙafarsa, ya rubuta halittun da ke zaune a wurin. Dalili kuwa doka ce. Dokar kare namun daji ta 1981 da ƙa'idojin 2017 sun haramta kashe jemage ko lalata makwancinsa, ko da babu jemage ko ɗaya a ciki ranar da aka rushe. Ba barazanar baki ba ce: a watan Disamba na 2020 kotu ta ci kamfanin gine-gine na Bellway tarar fam 600,000 saboda ya lalata makwancin jemagu a Girinic, cikin birnin Landan. Daga wannan doka ce sana'a guda ta tsiro, ta kamfanonin ba da shawara kan muhalli, waɗanda abincinsu ke fitowa daga leƙen rufin gidaje da kewaya kududdufai.

Aikin nasu na haƙuri ne. Da rana mai binciken zai hau silin da tocila, yana neman kashin jemage a kan katako. Idan ya murza shi da yatsa ya ruguje ya zama gari mai ɗan ƙyalli, to na jemage ne, domin ɓawon ƙwari ne abin da ke ciki. Na ɓera ba ya rugujewa haka. Idan alama ta nuna, sai a dawo gab da faɗuwar rana, a tsaya kusurwa-kusurwa a zuba wa rufin ido har duhu ya yi sosai. Kowa na riƙe da na'urar da ke kamo kukan jemage, wanda ya fi ƙarfin kunnen mutum, ta mayar da shi ƙara da ake ji. Da wannan kukan ake bambance iri da iri. Akwai wasu ƙananan jemagu biyu da aka daɗe ana ɗauka iri ɗaya ne, sai aka lura ɗaya na kuka a wajen kilohaz 45, ɗayan a wajen 55. Birtaniya na da iri 18, kuma doka ta rufe su duka.

Abin da ya fi ƙona wa 'yan kwangila rai shi ne lokaci. Jemagun ƙasar barci suke yi duk tsawon hunturu, don haka ana tsaron fitarsu ne daga Mayu zuwa Satumba. Akwai kuma wata halitta da doka ke karewa, mai siffar ƙadangare amma 'yar'uwar kwaɗo, mai tukku a gadon baya, wadda ke shiga kududdufi don haihuwa na 'yan watanni kawai. A da sai an yi ta zuwa da dare ana haska ruwa ana ɗana tarkon kwalba. Yanzu ana iya ɗibar ruwa daga wurare 20 a kewayen kududdufin, a aika ɗakin gwaji a nemi burbushin ƙwayoyin halittar da ta zubar, amma ba a karɓar wannan gwaji sai tsakanin 15 ga Afrilu da 30 ga Yuni. Wanda ya zo a watan Oktoba yana gaggawa, sai ya jira baɗi.

Shi ya sa 'yan siyasa ke yawan ɗora wa wannan bincike laifin jinkirin gina gidaje. Boris Johnson ya yi wannan kuka a 2020 yana firayim minista. Maganar ta fi zafi a Nuwamba 2024, lokacin da shugaban kamfanin layin dogo mai gudu na HS2, Jon Thompson, ya bayyana cewa rumfar da ake ginawa a kan layin a gefen dajin Sheephouse, don kada jirgi ya riƙa buge wasu jemagu da ba su da yawa a ƙasar, za ta ci sama da fam miliyan 100. Kuɗin sun yi yawa, babu mai musu. Amma a ganina ba a kan masu ƙirgar jemagu ya kamata a huce ba. Su abin da suka tarar suka rubuta. Canza hanya tana kan takarda abu ne mai arha. Bayan an tsayar da ita an sayi filaye, duk gyaran da za a yi da kankare da ƙarfe za a yi shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda tsarin ya fi rauni wani wuri ne daban. Mai ginin ne ke ɗaukar masanin, shi ne kuma ke biyansa, alhali rahoton na iya tsayar masa da aiki. Sannan bayan an sami izini, wa ke komawa ya duba alkawuran? Tun 12 ga Fabrairu 2024 doka ta wajabta wa manyan gine-gine a Ingila su bar muhallin halittu fiye da yadda suka same shi da kashi 10 cikin 100, su kula da shi shekara 30. Amma wani bincike da masana daga Jami'ar Shafil suka yi a ƙarshen shekarar, a sababbin unguwanni 42, ya gano cewa kusan rabin abin da aka yi alkawari ne kawai aka cika. Akwatunan tsuntsaye da na jemagu da ke cikin zanen gini, mafi yawansu babu su a bango. Wannan ya fi damuna a kan tsadar rumfa, domin an karɓi izini da sunan dabba, dabbar kuma ba ta ga komai ba.

Mu ma muna da irin wannan doka. A Najeriya tun 1992 aka wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su, ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a yau. Dam ɗin Tiga na 1974 ya riga dokar, kuma masunta da manoman dausayin Haɗejiya da Nguru sun ga yadda ambaliyar da suke dogaro da ita ta ragu bayan tare ruwan. Maganar lokaci a nan ma tana da nauyi. Tsuntsayen da ke sauka a Dagona, cikin wannan dausayi, daga Turai da sanyi suke zuwa. Tawagar da ta je a watan Yuli ba za ta same su ba, ta rani kuma ba za ta ga inda kifi ke zuba ƙwai a fadama ba. Ka'ida ita ce a baje rahoton a bainar jama'a na kwanakin aiki 21 don kowa ya yi magana. Duk wanda aiki ya shafi garinsu, ya je ya buɗe shi ya nemi shafin da ya faɗi watan da aka shiga daji, kwana nawa aka yi, da kuma ko an tambayi maharba da masuntan wurin.