Bayan Kumburin Fankiriyas: Abin da Ke Jiran Majinyaci a Gida

A Batsari da Safana, kamar sauran ƙasar Hausa, duk ciwon da ya tsaya a ƙahon zuciya sunansa olsa. Mutum ya je kemis, a ba shi farin ruwan magani, ya sha ya kwanta. Sau da yawa hakan ne. Amma akwai wani ciwon da ke zuwa farat ɗaya, yakan biyo bayan cin abinci mai maiƙo, ya soki saman ciki har ya ɓulla ta gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa, mai shi ba ya samun sa'ida sai ya zauna ya duƙa gaba. Wannan na iya zama kumburin fankiriyas.

Fankiriyas wata tsoka ce mai tsawon kimanin santimita 15 da ke kwance a bayan tumbi. Ita ke samar da insulin mai daidaita suga a jini, ita ce kuma ke zuba ruwan da ke narkar da maiƙo da nama a cikin hanji. Idan ruwan nan ya fara aiki tun bai fita ba, sai ya shiga cin tsokar da ta samar da shi. Abubuwa biyu ne kan gaba wajen jawo haka a duniya: tsakuwar matsarmama da ta gangaro ta toshe bututun da ruwan ke bi, da shan giya. Bayan su akwai yawan kitse a jini, wasu magunguna, bugu a ciki, hangum, har da tsutsar ciki idan ta shiga bututun. Masu sikila su lura, domin tsakuwar matsarmama na yawan samun su tun suna yara.

Kusan kashi 80 cikin 100 na masu ciwon, mai sauƙin ne ke kama su, wato wanda bai taɓa ƙoda ko huhu ba, bisa rabe-raben da likitoci suka sabunta a 2012. Ana tabbatar da shi ta gwajin jini da hoton ciki. Maganinsa ƙarin ruwa ne da allurar kashe zafi, kuma yawanci cikin mako guda an sallami mutum. A da akan hana majinyaci abinci kwana da kwanaki wai don tsokar ta huta. Yanzu an bar wannan. Da zarar amai ya tsaya, zafi ya lafa, sai a fara ba shi abinci marar maiƙo.

Gida ne inda aikin yake, kuma a nan ne ƙauna kan yi ɓarna. Mu mutane ne da ke auna kulawa da maiƙo. Wanda ya tashi daga jinya, sai inna ta kwarara masa man shanu a miya, ƙanwa ta kawo farfesun kayan ciki, aboki ya zo da tsire a takarda, kowa na cewa "ci ka mayar da jiki." Tsokar da ba ta gama warkewa ba, maiƙo ne ya fi sa ta aiki. Na wasu makonni, abin da ya dace shi ne koko, kunun tsamiya, fate, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ba man shanu, dafaffen wake, kifi gasasshe, kaza da aka cire wa fata. A ci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana, a yawaita shan ruwa. Ƙosai, soyayyar awara, ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa su dakata tukuna. Mai son fura ba a raba shi da ita ba, sai dai a dama masa da nonon da aka kaɗe aka cire mai, kindirmo kuwa ya jira.

Tunda Batsari garin rogo ne, bari in taɓo wata tsohuwar magana. An daɗe ana zargin rogo da jawo wani ciwon fankiriyas na dindindin da ake gani a ƙasashe masu zafi, amma binciken da aka yi daga baya a Indiya bai tabbatar da zargin ba. Dafaffen rogo da aka gyara yadda ya kamata ba shi ne abin tsoro ba. Man da ƙulin da ake barbaɗa masa ne za a rage.

Giya kuwa, duk da ba a faɗarta a fili a wajenmu, likita ba alƙali ba ne. Wanda ke sha ya gaya masa gaskiya, ya kuma daina. Haka taba sigari.

Babbar magana ita ce tsakuwa. Idan ita ce sanadi, sallama daga asibiti ba ta fitar da ita ba. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2015, ya kwatanta waɗanda aka cire wa matsarmama kafin su bar asibiti da waɗanda aka ce su dawo bayan kusan wata guda. A cikin masu jiran, kashi 17 cikin 100 sun sake shiga matsala, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 5 kacal. A Holan kenan, inda motar asibiti ke zuwa ƙofar gida. Mutumin Runka ko Ruma da ciwo ya tayar da tsakar dare, ga halin rashin tsaro da hanyoyin gefen dajin Rugu suka shiga a shekarun nan, lissafinsa daban ne. A ganina, wanda aka tura daga Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kada ya ɗaure kayansa sai ya tambayi likita ƙarara: mene ne ya jawo, kuma in tsakuwa ce, yaushe za a yi tiyata? Mutum na rayuwa lafiya lau ba matsarmama, hanta na ci gaba da zuba ruwan ɗacinta kai tsaye cikin hanji.

Bayan an koma gida, a garzaya asibiti idan ciwon ya dawo, ko amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya taso, ko ido ya yi rawaya irin na shawara. Kasala ta 'yan makonni ba abin damuwa ba ce, manomi ya koma gona a hankali. Amma ƙishirwa mai yawa, yawan fitsari da rama na iya nuna ciwon suga ya biyo baya, don haka yana da kyau a riƙa gwada sugan jini ko da an ji garau. Idan azumi ya riski mutum bai daɗe da tashi ba, ya nemi shawarar likitansa kafin ya ɗauka, kuma ya nisanci buɗa-baki da soye-soye.