Zanen sanyin Japan da ba a taɓa buga biyu iri ɗaya ba

Duk wanda ya kwana a Gagarawa cikin watan Janairu ya san yadda hazon hunturu ke shafe bishiyoyi da safe, mutane sun duƙunƙune cikin mayafi. Irin wannan yanayi Utagawa Hiroshige, mai zanen ƙasar Japan da ya rasu a 1858, ya zana a hotonsa na garin Kambara, sai dai nasa dusar ƙanƙara ce ta rufe gari da dare, ga mutum uku na tafe a sunkuye.

Hoton na cikin jerin zanensa 55 na hanyar Tokaido, da aka fara fitarwa wajen 1833.

Yadda ake bugawa

Mai zane shi ke zanawa a takarda, masassaƙi ya sassaƙa a jikin katako, kowane launi da nasa allon. Sai mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda mai ɗan laima, ya murza da wani faifai da ake kira baren.

A nan bambancin ke shigowa. Duhun sararin sama da hannu ake shafa shi a kowane bugu. A bugun farko na Kambara, duhun yana can sama. A na baya kuwa ya sauko ƙasa, bayan duwatsu. Katakon ma cinyewa yake yi, layuka su yi kauri ko su karye.

Marinan Ƙofar Mata a Kano sun san haka: zane biyu daga karofi ɗaya ba sa shan baba daidai. Haka alaramman da ke zayyanar allo a tsangayun Gumel, hannu ɗaya ne amma kowane allo da kamarsa.

Inda kuɗin yake

A zamanin Hiroshige, talaka ma na iya sayen hoton. Yau masana na duba kaifin layi da kyan launi kafin su yanka farashi, domin kyakkyawan bugun farko ya ninka na baya nesa ba kusa ba. A Maris ɗin 2023, an yi gwanjon wani bugu na hoton igiyar ruwa na Hokusai a New York kan kusan dala miliyan 2.8.

Abin da wasu masu saye ke ɗauka aibi a kayan hannu, har su gwammace na inji, shi ne masanan ke bi da gilashi suna nema.