Hutun Gimbiya a Birnin Roma

A hutun Kirsimeti da ya wuce, mu malaman makaranta a nan Andarai muka yi shawara mu tara iyalanmu mu kalli silima tare. Dalili kuwa, mun lura kowane yaro yakan shige lungu da waya, yana kallon abin da uwa ba ta sani ba, uba bai sani ba. Ɗayanmu ya zo da wani tsohon fim, muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, muka kunna talabijin. Da hoton ya fito baƙi da fari, sai samari suka soma gunaguni, wai an kawo musu kayan kakanni. Kafin rabin sa'a babu mai zancen tashi, sai dariya ka ke ji.

Sunan fim ɗin Roman Holiday, wato Hutu a Birnin Roma. Ya fito a 1953. Muna so mu ba ku labarinsa, gama mun ga abin da ya yi a gidajenmu.

Me ya kai su bakin Bahar Rum?

Bahar Rum ita ce tekun da ta raba Afirka da Turai. Masar da Libiya da Tunisiya suna kudu da ita, Faransa da Italiya da ƙasar Girka suna arewa. Yaranmu sun san ta a taswirar da ke bayan Littafi Mai Tsarki, inda aka zana tafiye-tafiyen Manzo Bulus har zuwa Roma.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, masu shirya silima na Amurka suka yi ta zuwa Italiya. Aiki ya fi araha a can, kuma dokar ƙasar ba ta yarda su kwashe dukan kuɗin da finafinansu suka samo su kai gida ba, tilas su kashe shi a wurin. Ga rana mai haske, ga tsofaffin gine-gine, ga bakin teku. Ta haka aka sami jerin finafinan soyayya masu ban dariya. Mai shirya wannan, William Wyler, ya nace sai a titunan Roma za a ɗauke shi, aka kuwa yi haka a 1952.

Yadda labarin ya ke

Wata gimbiya mai suna Ann tana ziyarar manyan biranen Turai a madadin ƙasarta. Kullum gaisuwa, kullum jawabi, har ta gaji ta fashe da kuka. Likita ya yi mata allurar barci, amma kafin maganin ya kama ta sai ta ɓuya a bayan wata motar kaya ta fice. Barci ya kwashe ta a bakin hanya. Wani ɗan jarida Ba'amurke, Joe Bradley, ya tsince ta. Bai san ko wace ce ba, ya rasa inda zai kai ta, ya ba ta wurin kwana. Da gari ya waye ya ga hotonta a jarida. Nan da nan ya yi ciniki da maigidansa: dala 5,000 idan ya kawo labarinta da hotuna.

Sai ya zama ɗan rakiyarta na yini guda. Ita tana ɓoye masa sarautarta, shi yana ɓoye mata sana'arsa, abokinsa kuwa yana ɗaukar hotonta da wata 'yar kyamara da aka ɓoye cikin abin kunna taba. Ta shiga wurin mai aski aka rage mata gashi. Ta hau Vespa, irin wadda malamai da ma'aikata suke ji da ita a ƙasarmu a shekarun 1970, ta bi ta kan teburan masu shayi da kayan 'yan kasuwa, har 'yan sanda suka kama su. A nan ne dattawan cikinmu suka fi kowa dariya.

Akwai kuma wani dutse mai siffar fuskar mutum da baki buɗe, ana ce da shi Bakin Gaskiya. Almara ta ce idan maƙaryaci ya sa hannu ciki, bakin zai cije shi. Ku tuna, su biyun duka suna cikin ƙarya. Joe ya sa hannu, ya ƙwalla ihu, ya fito da hannun riga babu hannu. Wata yarinya a cikinmu ta ruga bayan uwarta, sa'an nan ta dawo tana dariya.

Inda ya bambanta

Mun saba da finafinan Indiya, da na Hausa tun daga Turmin Danya a 1990, inda yawanci labarin soyayya ya kan ƙare da ɗaurin aure. Yaranmu suna jiran haka. Amma da dare ya yi, gimbiya ta ji a rediyo mutanen ƙasarta suna cikin damuwa saboda ita. Ta koma da ƙafarta, gama akwai nauyi a kanta. Joe kuwa, ga bashi a wuyansa, ga labari a hannunsa, ya ce wa maigidansa ba shi da kome. Washegari a taron 'yan jarida ta gane ko wane ne shi. A gaban jama'a abokinsa ya miƙa mata hotunan cikin ambulan. Ita da Joe suka dubi juna, ta juya ta shige, shi kuma ya fita shi kaɗai. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ko waɗanda ba su jin Turanci sun gane.

Wani saurayi ya ce, "Malam, ai wannan ya yi hasara biyu, ba kuɗi ba mata." Wata tsohuwa ta amsa masa, "Ɗana, asirinta yana hannunsa, bai sayar ba. Wannan shi ne mai ƙaunarta." Aka yi ta gardama har dare ya raba. Mu kuwa muka yi murna, gama a zamanin da yaro zai iya watsa hoton yarinya ga duniya da yatsa ɗaya, wannan gardama ce da ta kamata a yi a kowane gida.

Yarinyar da ta fito a gimbiya, Audrey Hepburn, ba ta yi suna ba a lokacin. Gregory Peck, wanda ya fito a Joe, ya nemi a rubuta sunanta daidai da nasa. A 1954 ta ci lambar Oscar saboda wannan fim. Ta sha yunwa tana yarinya a ƙasar Holan lokacin yaƙi, daga baya ta yi wa UNICEF aiki, ta je Habasha a 1988 da Somaliya a 1992. Ta rasu a 1993.

Shawara ga iyaye

Kada a ɗauka kowane tsohon fim ya dace da yara. Akwai It Started in Naples na 1960, wanda aka ɗauka a tsibirin Kapri, labarin kawu da goggo suna jayayya a kan riƙon maraya. Yana da ban dariya, amma akwai raye-rayen gidan shagali a ciki. Ko a Roman Holiday akwai taba da giya. Don haka iyaye su fara kallo su kaɗai. Sa'an nan a zauna tare, wanda ya ji Turanci ya riƙa fassarawa a taƙaice.

A kuma tuna wa matasa, abin da kyamara ta zaɓa shi ta ke nunawa. A wannan birni na Roma aka ɗauki wani fim a 1948, labarin talaka da aka sace masa keke ranar da ya fara aiki, yana yawo da ɗansa yana nema. Can ma akwai masu kwana da yunwa.

In an gama, kada a yi saurin naɗe tabarma. A tambayi yara: Me ya sa gimbiya ta koma? Da kai ne Joe, yaya za ka yi da hotunan? Ku saurari amsarsu da kyau. Mu dai a daren nan mun ji abin da ke zuciyar 'ya'yanmu fiye da yadda mu kan ji a cikin aji.