Rabon Gaɓa da Ƙarfin Furuci a Dogayen Harɗaɗɗun Kalmomin Harshen Norwe

1.0 Gabatarwa

Harshen Norwe yana cikin reshen arewa na dangin harsunan da suka haɗa da Jamusanci da Ingilishi. Ɗan'uwa ne na kusa ga harsunan Suwidin da Danmak, kuma mutane kimanin miliyan 5 ne suke magana da shi. Yana da daidaitattun hanyoyin rubutu guda biyu, watau Bokmål, wanda ya samo asali daga rubutun Danmak, da Nynorsk, wanda aka gina a kan aikin da Ivar Aasen ya yi na tattara kare-karen harshen karkara, ya fitar da nahawu a 1848 da ƙamus a 1850. Majalisar ƙasar ta daidaita matsayin hanyoyin biyu a 1885. Amma ta fuskar furuci, hukuma ba ta tsayar da wani daidaitaccen lafazi ba. Saboda haka wannan maƙala ta dogara ne a kan lafazin Oslo da biranen gabashin ƙasar, wanda Gjert Kristoffersen ya bayyana a littafinsa na tsarin sautin harshen a shekarar 2000. Misalan kuwa duk a rubutun Bokmål suke.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙon wannan harshe kai shi ne tsawon kalmominsa, domin ana rubuta harɗaɗɗiyar kalma a haɗe, kome yawan sassanta. Manufar maƙalar ita ce nuna cewa irin wannan kalma jerin ƙananan kalmomi ce, kowace tana riƙe da iyakar gaɓoɓinta da nauyinsu, kuma abin da ya ɗaure su suka zama kalma guda shi ne babban ƙarfin furuci guda ɗaya da karin sauti guda ɗaya.

2.0 Ƙirar Harɗaɗɗiyar Kalma

A Hausa, kalmar da ake magana a kanta ita ke zuwa a farko, mai fayyace ta ta biyo baya, kamar a gidan sauro ko jirgin ƙasa. A harshen Norwe kuwa akasin haka ne: mai fayyacewa ke gaba, uwar kalmar tana ƙarshe, kuma ita ke ba harɗaɗɗiyar kalmar jinsinta.

(1) hus 'gida' + båt 'jirgin ruwa' = husbåt 'jirgin ruwan da ake zama a cikinsa'
(2) båt + hus = båthus 'ɗakin ajiye jirgin ruwa'

Sau da yawa akan sami wani ɗan mahaɗi tsakanin sassan, ko dai -s- ko -e-, kamar a arbeidsdag 'ranar aiki' da barnehage 'makarantar renon yara'. Aikinsa ya yi kama da na -n da -r na Hausa, sai dai ba ya nuna jinsi. Abin lura shi ne, -s- ya fi bayyana idan sashen farko shi kansa harɗaɗɗe ne. Ana cewa bordlampe 'fitilar tebur', ba mahaɗi, amma skrivebordslampe 'fitilar teburin rubutu'. Ke nan wannan -s- alama ce da ke nuna wa mai karatu inda babbar iyaka take a cikin doguwar kalma.

3.0 Rabon Gaɓa

Hausa tana da sigogin gaɓa uku ne kawai: BW, BWW da BWB. Harshen Norwe kuwa ya yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa da ƙarshenta. Alal misali, strand 'gaɓar teku' gaɓa ɗaya ce mai farawa da baƙaƙe uku a jere. A cikin tilon kalma, baƙin da ya zo tsakanin wasula biyu yakan faɗa cikin gaɓa ta biyu, don haka ake raba mate 'ciyar' a matsayin ma-te.

Wannan doka takan tsaya cik a iyakar sassan harɗaɗɗiyar kalma. Idan aka haɗa mat 'abinci' da olje 'mai', sai a sami matolje 'man girki', wanda a furucin tsanaki ake rabawa mat-ol-je. Baƙin /t/ ba ya tsallakawa zuwa gaɓar da ke gabansa, ko da yake ta fara da wasali. Haka kuma mahaɗin -s- yana manne ne da sashen farko: ar-beids-dag.

Daga nan ne matsala ke tasowa, domin rubutu ba ya nuna iyakar. Mutanen Norwe suna da wani sanannen misali na raha a kan haka:

(3) brus-automat 'na'urar sayar da lemon kwalba'
(4) bru-sau-tomat 'gada-tunkiya-tumatir'

Haruffan duk ɗaya ne, kuma rabon (4) bai saɓa wa ko ɗaya daga dokokin gaɓar harshen ba. Sanin kalmomin brus da automat ne kaɗai ke hana mai karatu faɗawa cikinsa. Wannan ya tabbatar da cewa ba a iya raba gaɓoɓin harɗaɗɗiyar kalma sai an fara sanin ƙirarta.

Ƙa'idojin rubutu ma a kan wannan tafarki suke. Wajen yanke kalma a ƙarshen layi, an fi son a yanke ta a iyakar sassanta. Bugu da ƙari, ba a jera baƙi iri ɗaya har uku, don haka trafikk 'zirga-zirgar motoci' da kork 'toshewa' suke zama trafikkork 'cunkoson motoci', buss da sjåfør su zama bussjåfør 'direban bas'. Amma in an yanke su a ƙarshen layi, baƙin da aka jefar yakan dawo: trafikk-kork, buss-sjåfør.

Akwai dai wani naso da ke ƙetare iyakar. A gabashi da tsakiya da arewacin ƙasar, idan /r/ ya gabaci /t, d, n, l, s/, sukan narke su zama sauti guda na naɗe-harshe, watau a lanƙwasa tsinin harshe baya kamar yadda Bahaushe ke yi a /r/ na rana. Sunan majalisar ƙasar, Stortinget, daga stor 'babba' da ting 'taro' yake, amma a bakin mutumin Oslo ba a jin /r/ a ƙarshen gaɓar farko, ya riga ya shige cikin /t/ na gaɓa ta biyu. A Bergen da Stavanger, inda ake furta /r/ daga can bayan baki, wannan naso ba ya aukuwa.

4.0 Ƙarfin Furuci

Abin da ake nufi da ƙarfin furuci shi ne fifita gaɓa ɗaya a kan sauran ta hanyar tsawaita ta da ƙara mata amo. A harshen Norwe, tilas ne gaɓa mai ƙarfi ta kasance nannauya: ko dai wasalinta dogo ne, ko kuma gajere ne amma baƙi ya rufe shi. Shi ya sa aka bambanta tak 'rufin ɗaki', mai dogon wasali, da takk 'godiya', mai gajeren wasali da ɓaƙi mai tsawo. Gaɓar da ba ta da ƙarfi kuwa ba ta ɗaukar dogon wasali.

Dokar harɗaɗɗiyar kalma ita ce, babban ƙarfi yana sauka a kan sashen farko, a daidai gaɓar da yake ɗauke da ƙarfi in yana shi kaɗai. Sauran sassa kuma ƙarfinsu ya ragu ya zama ƙarami, amma bai ɓace ba. Hujjar haka ita ce tsawon wasali: a hustak 'rufin gida', wasalin tak yana nan da tsawonsa, abin da ba zai yiwu ba da a ce gaɓar ta rasa ƙarfi gaba ɗaya. A misalan da ke biye, manyan haruffa na nuna babban ƙarfi:

(5) MEN-ne-ske-ret-tig-hets-or-ga-ni-sa-sjon 'ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam'
(6) u-ni-ver-si-TETS-bib-li-o-tek 'ɗakin karatun jami'a'

Kalma ta (5) tana da haruffa 30 da gaɓoɓi 11. An gina ta da menneske 'ɗan'adam', rettighet 'haƙƙi', mahaɗin -s-, da organisasjon 'ƙungiya'. Ita organisasjon ararriya ce, ƙarfinta a gaɓar ƙarshe yake, kuma a nan yake zama a cikin harɗaɗɗiyar kalmar, sai dai ya koma ƙarami, kamar na ret. Misali na (6) kuwa yana nuna cewa dokar ta shafi sashen farko ne, ba lalle gaɓar farko ba. Da yake ƙarfin universitet a ƙarshenta yake, sai babban ƙarfin duk kalmar ya faɗa a gaɓa ta 5 daga cikin 9.

Akwai 'yan kalmomin da suka kauce wa dokar, kamar skomaker 'mai ɗinkin takalma', da ke da ƙarfi a sashe na biyu, da sunan birnin Kristiansand, mai ƙarfi a gaɓar ƙarshe. Har ila yau, idan harɗaɗɗiyar kalma ta daɗe ƙwarai a baki, ƙaramin ƙarfin yakan zaizaye har sashen baya ya lalace. Kalmar vindu 'taga' ta fito ne daga vindauga ta tsohon harshen, ma'ana 'idon iska', amma yau ba mai jin 'ido' a cikinta.

5.0 Karin Sauti

Harshen Norwe na cikin 'yan tsirarun harsunan Turai da karin sauti ke bambanta ma'ana a cikinsu. Sai dai tsarinsa ya sha bamban da na Hausa. A Hausa kowace gaɓa da nata kari, na sama ko na ƙasa ko faɗau. A harshen Norwe kuwa kalma ce take da kari, kuma yana rataye ne a kan gaɓa mai babban ƙarfi. Iri biyu ne. A lafazin Oslo, kari na 1 yana farawa ƙasa ya hau, kari na 2 kuma yana farawa sama, ya sauko, sa'an nan ya hau. Da wannan ne kunne ke rarrabe bønder 'manoma' (kari na 1) da bønner 'wake' (kari na 2), domin ba a furta /d/ na kalmar farko.

Tun da babban ƙarfi ɗaya ne a harɗaɗɗiyar kalma, karinta ma ɗaya ne, kuma sashen farko ne ke zaɓensa. Sauran sassa sukan zubar da nasu. Idan sashen farko mai gaɓa fiye da ɗaya ne, yakan shigo da karinsa na asali. Menneske tana da kari na 2, don haka duk gaɓoɓi 11 na misali na (5) a ƙarƙashinsa suke: murya ta tashi sama a MEN, ta sauko, ta yi ta tafiya ƙasa-ƙasa, sai a ƙarshe ta ɗaga.

Idan kuwa sashen farko mai gaɓa ɗaya ne, akasari yakan jawo kari na 2, amma wasu kalmomi na jawo na 1, kuma mahaɗi yana da ta cewa. Mahaɗin -e- na tafiya da kari na 2, mahaɗin -s- kuma da na 1:

(7) landmann 'manomi' (kari na 2)
(8) landsmann 'wanda kuka fito ƙasa ɗaya' (kari na 1)
(9) ballspill 'wasan ƙwallo' (kari na 2)
(10) ballsal 'zauren rawa' (kari na 1)

A (9) da (10), kalmomi biyu ne daban masu rubutu ɗaya, ball 'ƙwallo' da ball 'taron rawa'. In suna su kaɗai kunne ba ya rarrabe su, sai sun shiga harɗi bambancinsu ke fitowa. A lafazin Stockholm na Suwidin babu irin wannan zaɓi, domin harɗaɗɗun kalmomi kari na 2 suke ɗauka. Masu nazarin Hausa ma sun san harɗi yana taɓa kari, kamar yadda aikatau ke komawa karin ƙasa a hana-salla da dafa-duka.

6.0 Illar Raba Kalma a Rubuce

Muhimmancin duk wannan bayani yana fitowa fili ne a wani kuskuren rubutu da malaman Norwe suka daɗe suna kuka da shi, watau rubuta sassan harɗaɗɗiyar kalma a rarrabe, abin da ake yawan dangantawa da tasirin Ingilishi. Da zarar an bar fili tsakanin sassan, mai karatu zai ba kowane nasa babban ƙarfi da nasa kari, ma'ana kuma ta juye:

(11) røykfritt 'ba a shan taba a nan' / røyk fritt 'sha taba yadda ka ga dama'
(12) lammelår 'cinyar ɗan rago' / lamme lår 'shanyayyun cinyoyi'
(13) ananasringer 'yankakkiyar abarba mai siffar zobe' / ananas ringer 'abarba tana buga waya'

A (11), sanarwar hani ta rikiɗe ta zama izini. Ashe haɗa kalma a rubuce hanya ce ta nuna wa ido abin da kunne ke ji, watau ƙarfi guda da kari guda.

7.0 Kammalawa

An ga cewa doguwar kalmar Norwe tana da matakai biyu. A mataki na ƙasa, kowane sashe yana tsare iyakar gaɓoɓinsa da tsawon wasulansa, in ban da nason naɗe-harshe da ke ƙetarawa. A mataki na sama, sashen farko yana ɗaukar babban ƙarfi ya kuma shimfiɗa karinsa a kan saura, yayin da sashen ƙarshe ke riƙe da jinsi da ainihin ma'ana. Don haka ɗalibin da ya ci karo da irin wannan kalma, abin da ya kamace shi shi ne ya fara gano sassanta, yana neman mahaɗin -s- ko -e-, sa'an nan ya raba gaɓoɓin kowane sashe daban, daga ƙarshe ya ɗora babban ƙarfi a inda sashen farko ke ɗauke da shi.

Ga masu nazarin Hausa kuma, akwai abin dubawa a nan. Har yanzu marubuta ba su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba wajen rubuta harɗaɗɗun kalmomi: wani ya haɗe, wani ya sa karan ɗori, wani ya raba. Misalin Norwe yana nuna cewa sauti na iya zama ma'auni. Inda kari ko tsawon wasali ya sauya saboda harɗi, kamar a hana-salla, harshen da kansa ya riga ya shaida cewa kalma guda ce, kuma ya dace rubutu ya nuna haka.