Wasan Manajan Ƙwallo: Kowane Ɗan Wasa da Aikinsa

Malaman makaranta da yawa suna kuka da wani wasa da ya shigo hannun samari, har da waɗansu akawuna masu iyali, wanda a ke yi cikin kwamfuta ko cikin wayar hannu. Sunansa Football Manager, watau manajan ƙwallo. Kukansu shi ne wasan yana cin lokaci, yana hana barci, mutum ya zauna da niyyar rabin sa'a, sai ya ji zakara ta yi cara. Wannan gaskiya ne, ba mai gardama. Amma tun da abin ya riga ya shigo, hani kuwa ba ya korarsa, a ganina gara mu san yadda ya ke, mu ɗebi amfanin da ke ciki. Amfanin kuwa shi ne, wasan nan ba ya barin mutum ya daɗe yana cin nasara sai ya ba kowane ɗan wasa aikin da ya dace da shi, sa'an nan ya haɗa ayyukan yadda wani zai rufa wa wani asiri.

Asalinsa daga Ingila ne. Wani mutum mai suna Kevin Toms shi ya fara fitar da wasa da wannan suna cikin 1982. Cikin 1992 waɗansu 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fito da nasu mai suna Championship Manager, kamfaninsu kuwa, Sports Interactive, shi ya koma amfani da sunan Football Manager daga 2004. Mai wasan ba ya taɓa ƙwallo ko sau ɗaya. Aikinsa na mai gida ne: ya sayo 'yan wasa, ya sayar, ya tsara horo, ya zaɓi sha ɗayan da za su shiga fili, ya gaya wa kowa abin da zai yi, sa'an nan ya koma gefe ya ga abin da dabararsa za ta haifar. Sunayen da ke ciki na mutanen gaske ne, an kuwa auna su da kyau, har ƙungiyar Everton ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin cikin 2008 don ta riƙa duba kundinsu wajen neman 'yan wasa. Gasarmu ta Nijeriya ba ta cikin waɗanda kamfanin ya saka a fitowar 2023. Daga Afirka ta Afirka ta Kudu kaɗai aka sa. Masu sha'awa ne su kan shirya tamu da kansu su rarraba ta intanet, don wanda ya ke so ya riƙe Kano Pillars ko Katsina United.

To, sabon shiga ya kan fara da kuskure guda: ya tara mashahurai. Ya duba taurarin da mataimakinsa ya ba kowa, ya ɗebi sha ɗaya mafiya tauraro ya zuba a fili, a ci shi, ya ce na'ura ta yi masa maguɗi. Alhali kuwa abin dubawa yana ƙarƙashin taurarin. An ba kowane ɗan wasa maki daga 1 zuwa 20 a kan halaye masu yawa, an kasa su uku: gwanintar ƙafa da ka, hankali, da ƙarfin jiki. Malami ba zai sha wuyar gane wannan ba, don kamar takardar sakamakon jarrabawa ce. Yaron da ya ci 18 a lissafi ya ci 6 a rubutun insha'i, ba a ba shi aikin rubuta wasiƙun ofis, kome yawan jimlar makinsa. Haka ɗan bayan da ya ke da 17 a tsalle da sa kai, amma 8 a gudu, gwani ne muddin an bar shi kusa da gidansa. Ran da aka ce 'yan baya su matso tsakiyar fili su takura abokan karawa, ran nan za a jefa ƙwallo bayansa, ya juya ya ga ƙura.

Sunayen ayyukan da Turanci su ke, waɗansu ma da Italiyanci, saboda haka zan kira su da abin da zai shiga kunne, in haɗa da lambobin da mu ka saba da su a filayenmu: biyu da uku 'yan bayan gefe, biyar da shida 'yan bayan tsakiya, huɗu da takwas da goma 'yan tsakiya, bakwai da sha ɗaya 'yan gefen gaba, tara kuwa mai ci.

A tsakiya magana ta ke, nan ne kuma a ka fi yin ɓarna. Ayyuka uku ne a wurin, tilas a sami mai yin kowanne. Akwai mai tsare ƙofa, wanda zan kira turke, ba ya nisa da gaban lamba biyar da shida ko da 'yan'uwansa duk sun tafi hari. Akwai ɗan kai-da-kawowa, mai huhun doki, yanzu ka gan shi a gidansu, an jima ka gan shi a gidan abokan karawa. Sa'an nan akwai mai rabo, wanda a ke kai wa ƙwallo don ya san inda za ta. Samari sun fi son mai rabo, don shi a ke yi wa tafi, har sai ka ga mutum ya sa masu rabo uku a jere. Cikin wasan nan kuwa, duk wanda aka naɗa mai rabo, sauran 'yan wasa za su riƙa nemansa da ƙwallo. In sun yi yawa sai su yi ta miƙa wa juna ita kamar goron ɗaurin aure, ba mai kutsawa gaba, in kuma ta kuɓuce ba mai bin sawu. Taura biyu ba ta taunuwa. Waɗanda su ka ga ƙungiyar ƙasarmu a 1996 da 1998 sun tuna rawar Jay-Jay Okocha, amma Sunday Oliseh da ke bayansa shi ya ba shi damar yin ta.

A kula kuma, turke dabam, mai ƙwace dabam. Mai ƙwace shi ne irin Wilfred Ndidi, wanda ya fi kowa yawan tare mutum ya ƙwace ƙwallo a babbar gasar Ingila a kakar 2017 zuwa 2018. Cikin wasan, wanda aka ba wannan aiki ya kan bar wurinsa ya bi ƙwallo duk inda ta nufa. Wannan yana da kyau in akwai wani a bayansa. In shi kaɗai aka bari gaban 'yan baya, to, an ɗauki mai gadi ne mai bin ɓarawo har bayan gari ya bar ƙofa buɗe.

Labarin John Mikel Obi, ɗan Jos, ya isa misali. A gasar matasa ta duniya ta 2005 lamba goma ya buga, aka zaɓe shi na biyu a gwaninta, Lionel Messi kaɗai ke gabansa. Da ya je Chelsea cikin 2006, sai José Mourinho ya mai da shi turke. Har yanzu a gidajen kallon ƙwallo ana musu ko an cuce shi. Ni dai ina ganin an rage masa ado ne aka ƙara masa amfani, don a wannan aiki ya shekara goma a ƙungiyar, ya ci kofin zakarun Turai cikin 2012.

Dokar gefe gajeruwa ce: mutum biyu kada su nemi wuri ɗaya. In lamba bakwai mai kutsawa ciki ne ya harba da hagu, sai a ce wa lamba biyu ya hau ya riƙe bakin layi. In kuwa lamba bakwai irin Tijjani Babangida ne, mai bin layi da gudu ya kwaso ƙwallo cikin gida, to lamba biyu ya zauna. In duka gefunan biyu sun hau tare, lalle turke ya tsaya. Har zuwa fitowar 2023 wasan yana sa a liƙa wa kowane aiki ɗayan umarni uku, tsaro ko tallafi ko hari, mai hankali kuwa ya kan cakuɗa su a kowane sashe. A fitowar Nuwamba 2025 an raba tsarin biyu, watau yadda za a tsaya in ƙwallo tana wajenmu da yadda za a tsaya in ta koma wajensu. Tambayar dai ba ta sake ba: in wane ya tafi, wa zai tsare wurinsa?

Lamba tara ma iri-iri ne. Akwai ɗan kwanto, wanda ba ya kome sai laɓewa kusa da ɗan bayan ƙarshe yana jiran dama, yana kiyaye satar gida. Akwai ƙaƙƙarfa wanda a ke jefa wa ƙwallo ya tare ta da ƙirji har 'yan'uwansa su iso. In an bar ɗan kwanto shi kaɗai ba mai kai masa, zai wuni a fili bai taɓa ƙwallo sau goma ba. Akwai kuma tara ta ƙarya, wanda samari su ke zaton sabon abu ne. Ba sabo ba ne. Ran 25 ga Nuwamba 1953, shekarar da Kano ta ciwo Kofin Gwamna, mutanen Hungari su ka ci Ingila 6 da 3 a filin Wembley. Lamba taransu, Nándor Hidegkuti, sai ya riƙa janyewa tsakiya. Ɗan bayan Ingila, Harry Johnston, ya rasa abin yi: in ya bi shi ya bar rami, in ya tsaya ya bar shi sake. Hidegkuti ya ci uku ran nan.

Wanda ya ke shakkar cewa canjin aiki yana canja mutum, ya tuna gasar duniya ta 2018 a Rasha. A wasan farko Kuroshiya ta ci Nijeriya 2 da nema, Mikel yana can gaba a lamba goma. Kafin wasa na biyu Gernot Rohr ya sake shiri: ya sa 'yan baya uku, ya dawo da Mikel ƙasa, ya ba Victor Moses gefen dama duka, hawa da sauka, ya sa Ahmed Musa gaba tare da Kelechi Iheanacho. Aka ci Aisilan 2 da nema, Musa ya ci duka biyun, ta farkon kuwa Moses ne ya kwaso masa. Moses ɗin nan, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kaduna, shekara uku Chelsea tana ba da aronsa, Liverpool, Stoke, West Ham, sai da Antonio Conte ya ƙirƙiro masa wannan aiki cikin 2016 sa'an nan ya sami wurin zama, su ka ci gasa a 2017.

Shawara biyu kuma a taƙaice. Kada a ɗauko tsarin wani daga intanet a ɗora wa ƙungiyar da ba ta da mutanensa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tsarin matsa wa abokan karawa tun daga ƙofar gidansu yana bukatar masu juriya da ƙwazo. In aka tilasta wa tsofaffi, bayan hutun rabin lokaci za su zube, rauni kuma ya yawaita. Na biyu, kada a rushe shiri don an sha kashi sau ɗaya. Wasan yana auna sabon da 'yan wasa su ka yi da tsari, sabo kuwa sai da makonni. A canja abu ɗaya, a duba wasa uku ko huɗu, sa'an nan a san ko shi ne cutar.

Yanzu sai mu fito daga na'ura mu zo filin makaranta, don can ne maganar ta fi shafarmu. A ƙasar Birnin Gwari, garuruwa irin su Tabanni sun ga shekaru masu wuya saboda 'yan bindigar da su ka mamaye daji. Makarantu da yawa sun rufe, a ƙarshen 2021 ma an yanke layin waya a yankin na tsawon makonni. Cikin Nuwamba 2024 aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Yaron da ya yi shekaru ba ya zuwa aji, ya girme wa ajinsa, kunya kaɗai ta isa ta hana shi dawowa. Ƙwallo tana cikin abubuwa kaɗan da za su jawo shi harabar makaranta da ƙafarsa. Amma in malamin wasanni ya jefa ƙwallo ya koma inuwa, abin da za a gani shi ne yara ashirin sun dunƙule wuri ɗaya kamar kaji a kan tsaba, manya biyu ko uku su mallake wasan, sauran su gaji su tafi.

Ba a bukatar kwamfuta don gyara wannan, yawancin makarantun ƙauye ma ba su da ita. Littafin rubutu ya isa. Malami ya ja layi, ya rubuta sunayen yara, ya ba kowa maki a kan abu biyar ko shida: gudu, juriya, miƙa ƙwallo, tarewa, natsuwa, jin magana. In akwai saurayi a gari wanda ya ƙware a wasan manaja, a jawo shi ya taimaka, don ya saba da irin wannan duba. Da an yi haka za a tarar da yaran da a da ba a zaɓa: wani ba shi da gudu amma yana ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso shi, wannan mai rabo ne, wani ba ya iya yanka amma in an ce tsaya nan zai tsaya, wannan turke ne. A gaya wa kowa aikinsa da jimla ɗaya wadda zai iya maimaitawa, a kuma gaya masa sunan wanda zai tsare masa wuri in ya tafi. Sa'an nan a bar su a kan haka har ƙarshen zangon karatu, ko da makarantar da ke maƙwabtaka ta ci su a karon farko.